Motata mai lantarki tana ƙas-ƙas idan na zo tayar da ita, babban batir ne ya lalace?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Kaduna. Bayan an cire tallafin mai na sayi Nissan Leaf ƙirar 2015, ta hannu, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Tun farko idan na danna maɓallin tashi nakan ji ƙas, ƙas daga ƙarƙashinta, ban damu ba. To kwanan nan, musamman da safe, sai ta yi ta ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun dashbod su riƙa ƙyaftawa, ta ƙi tashi sai na sake dannawa sau biyu ko uku, alhali cajin babban batir ya fi rabi. Rewayana ya ce babban batirin ne ya fara mutuwa, wai in bari ya sauke shi ya duba. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin mu je ko'ina, ka ce wa rewayan nan ya dakata, kada ya kwance ko noti ɗaya a jikin babban batirin. Ƙara iri biyu ka kwatanta mini, kuma ba daga tushe ɗaya suke ba. Ta farko, wadda kake ji tun ranar da ka karɓi makulli, ta lafiya ce, duk motar lantarki tana yin ta. Ta biyun, mai sauri da ke zuwa da ƙyaftawar fitilu, ita ce ta rashin lafiya, kuma a yadda ka ba da labarin zargina ya fi karkata ga ƙaramin batirin nan mai bolt 12 da ke cikin bonet, irin wanda ke cikin kowace motar fetur. Babban batir in zai mutu ba da ƙas-ƙas yake sanarwa ba. Nisan da kake yi da caji ɗaya ne zai riƙa raguwa, layukan lafiyarsa guda 12 da ke gefen dama a dashbod ɗin Leaf su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, wata rana kuma alamar kunkuru ta fito maka kana kan hawa motar ta rage ƙarfi. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ke faruwa idan ka danna maɓalli

Batirin da ke shimfiɗe ƙarƙashin kujerunka yana ɗauke da wuta wajen bolt 360, in ya cika taf ya kusa 400. Wasu sababbin motocin, irin su Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6, nasu tsarin na wajen 800 ne. Wutar soket ɗin gida 230 ce, ka kuwa san abin da take yi wa mutum. Shi ya sa masu ƙera mota ba sa barin wannan wuta tana yawo a wayoyi idan an kashe mota. A cikin akwatin batirin akwai wasu manyan makunnai masu aiki da maganaɗisu, kontakta muke ce musu, ɗaya a layin fosatib ɗaya a layin negatib. Da zarar ka kashe motar sai su saki, wutar ta tsaya cikin akwati. Ka danna maɓalli, maganaɗisu ya ja ƙarfe ya bugi ƙarfe, hanya ta buɗe. Wannan bugun ne kunnenka ke ji.

Me ya sa bugun ke zuwa sau biyu ko uku, ba sau ɗaya ba? A cikin inbatar da ke juya injin lantarkin motar akwai babbar kafasita, ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci, wadda kan zama fanko idan mota ta kwana. Duk wanda ya taɓa haɗa batir da inbatar sola a gida ya ga tartsatsin da ke tashi fat lokacin da wayar ƙarshe ta taɓa kan batir. Kafasita ce ke zuƙar wuta lokaci guda, a bolt 12 ko 24 kawai. In aka yi haka a bolt 360, fuskokin kontakta za su narke su manne. Don haka motar ke bi a hankali: ta fara haɗa ɓangaren negatib tare da wani ƙaramin makunni mai suna rile da ke bi da wutar ta cikin rizista, na'urar da ke rage yawan wutar da ke wucewa, kafasita ta cika sannu a hankali har ta kusa kai ƙarfin batir, sannan babban kontaktan fosatib ya kama, ƙaramin rilen ya saki. Duk wannan cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu yake ƙarewa. Daga nan koriyar alamar mota mai kibiya a ƙarƙashinta ta fito a dashbod, a wasu motocin kuma rubutun READY. Masu Prius da sauran motoci masu haɗa fetur da lantarki su ma haka suke ji.

To, wace wuta ce ke jan waɗannan kontaktoci? Ba ta babban batir ba ce, domin shi a kulle yake har sai sun buɗe masa hanya. Ƙaramin batir ne. Shi ke tayar da kwamfutocin motar, shi ke kunna na'urar birki da ta makullin giya, shi ke jan kontakta. In ya gaza, ko babban batir na cike maƙil motar ba za ta motsa ba.

Yadda batir mai rauni ke haifar da ƙarar

Ka danna maɓalli, kayan wuta da yawa suka farka a tare suka ja daga ƙaramin batir. Ƙarfinsa ya faɗi. Maganaɗisun rile ya ja, ya kasa riƙewa, ya saki. Sakin da ya yi ya rage wa batir nauyi, wuta ta ɗan dawo, ya sake ja, ya sake saki. Haka za su yi ta yi, ƙas-ƙas-ƙas, fitilu na ƙyaftawa tare da kowane bugu. Kwamfutocin ma kowace tana ganin wutarta ta yi ƙasa sai ta fitar da nata gargaɗin, shi ya sa a Leaf mai raunin batir za ka ga gargaɗin birki da na giya da na makulli sun fito lokaci guda. Mai mota ya ga haka hankalinsa ya tashi, ya ɗauka komai ya lalace, alhali duk daga wuri ɗaya ne.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne motar lantarki ba ta ba da sanarwa. A motar fetur, in batir ya fara tsufa kana jin kik yana ja da ƙyar, ka san lokacin canji ya yi. Taka ba ta da kik. Ba ta neman wuta mai yawa daga ƙaramin batir, saboda haka batirin da ya kusa ƙarewa zai yi ta tayar da ita lafiya lau har ranar da zai kasa. Zancen safiya da ka yi ma ya ƙara mini ƙarfin zargi, domin mota ta kwana, batir ya zube cikin dare, in kuma ta tashi sau ɗaya ta yi tafiya ya ɗan farfaɗo sai ta wuni ba matsala.

Dalilan da ke kashe wannan batir da wuri a wajenmu sanannu ne. Motar da aka saya a gwanjo a Amurka takan yi makonni ko watanni tsakanin filin gwanjo, jirgin ruwa da tashar Legas ko Kwatano, batirin ya zube ƙasa warwas, a yi masa caji a sayar maka da shi a haka. Batirin dalma da ya taɓa zubewa ya daɗe a zube ba ya komawa yadda yake. Ga zafin watan Maris da Afrilu, wanda babu abin da ke cin batirin ruwa kamarsa. Ga kayan da muke ƙara wa mota, na'urar bin sawu saboda ɓarayi, kyamarar gaba, manyan sifiku, duk a rataye a kan batir suna tsotsa dare da rana. Akwai kuma wanda mutane ba sa kawowa a ransu: barin mota a jone da caja kwana da kwanaki ana ɗauke wuta ana kawowa. Duk kawowar wuta motar sai ta farka ta yi bincikenta, da wutar ƙaramin batir take wannan farkawa. Ni shawarar da nake bai wa masu irin motarka ita ce in caji ya kai inda suke so su zare.

Gwajin da za ka iya yi da kanka

Mita ta awon wuta ta isa, irin ta masu gyaran rediyo. Da daddare ka buɗe bonet ka bar shi a sake, ka kulle motar, domin buɗe ƙofar direba da safe kan farkar da ita ya ɓata maka awo. Da safe, kafin ka taɓa komai, ɗora jar wayar mita a kan fosatib, baƙa a kan negatib. Lafiyayyen batir cikakke zai nuna wajen 12.6. In ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Ƙasa da 12.0 kuwa ya zube. Daga nan ka bar mitar a wurin, wani ya taka birki ya danna maɓalli kai kana kallo. Wannan awon ya fi na farko muhimmanci, domin tsohon batir yakan nuna 12.4 yana zaune, da an ɗora masa nauyi ya faɗo ƙasa da 11, wani har 9. In ka ga lambar ta zurma daidai lokacin da ƙarar ta fara, ka kama ɓarawonka.

Idan motar ta tashi koriyar alama ta fito, sake duba mitar. Motar lantarki ba ta da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir a motar fetur. Wata na'ura ce, DC-DC ake rubuta sunanta, ke rage wutar babban batir ta ciyar da ƙaramin. Ya kamata ka ga lamba tsakanin 13 da 14.5. Leaf takan fara da 14 da 'yan kai, bayan ɗan lokaci ta sauko wajen 13, wannan ɗabi'arta ce, kada wani ya ce maka lalacewa ce. Amma in motar tana kunne mita ta tsaya a 12 da wani abu tana raguwa, to ba a ciyar da batirin, kuma ko ka sa sabo kwana kaɗan zai yi ya bi sawun tsohon. A nan sai a duba fiyus da wayar da ta taho daga na'urar kafin a zargi na'urar kanta. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a duniyar motocin lantarki: a 2024 Hyundai da Kia sun kira Ioniq 5 da EV6 da wasu 'yan uwansu gyara a Amurka saboda na'urar da ke wannan aiki kan lalace ta daina cajin ƙaramin batir.

Kada ka tsaya a mita kawai. Kama kan batir da hannu ka murɗa, in ya juya to a sake yake. Duba farin gari ko kore da ke taruwa a kansa. Bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota ka ga ko tsatsa ta ci wurin. An taɓa kawo mini wata mota a kan babbar motar ɗauka, an riga an yi wa mai ita lissafin miliyoyin naira na babban batir. Da na ɗaga robar da ta rufe kan fosatib sai ga kumfar gari ta cika wurin, an kuma cusa wata siririyar waya ta na'urar bin sawu tsakanin kan batir da maɗaurinsa, ta hana shi kamawa da kyau. Muka kwance, muka wanke da ruwan ɗumi da bekin soda, muka goge dalmar har ta yi ƙyalli, muka mai da wayar nan inda ya dace da ita da fiyus ɗinta. Motar ta yi ƙas, ƙas, ta tashi. Batirin dai mun canza shi domin ya riga ya wahala, amma ba mu taɓa komai a ɓangaren babbar wuta ba. Irin wannan ne ya sa nake jin ciwo in na ji an ce a sauke babban batir kafin a ɗora mita a kan ƙarami.

In za a canza batirin, a kashe motar, a zare caja, a jira 'yan mintuna ta yi barci. Sifana mai lamba 10 ce. Negatib ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. A kan negatib na Leaf akwai ƙaramar na'ura mai auna wutar da ke shiga da fita, a kula kada a karya ta ko a tsallake ta da wata waya. A sayi batir daidai girman mazauninsa, a duba ranar da aka ƙera shi, a yi masa cikakken caji kafin a ɗora. Za a iya tayar da motarka da wayar jona batir daga wata mota kamar yadda aka saba, amma littafin Leaf ya hana a yi amfani da ita wajen tayar da motar wani. Masu sababbin Tesla da wasu motocin BYD kuma su sani nasu ƙaramin batirin na litiyam ne, na Tesla ma ya haura bolt 15, lambobin da na bayar a sama ba nasu ba ne.

Roƙona ɗaya kafin ka samu yin gwajin: ka daina maimaita dannawa. Kowane bugu da kontakta ke yi da rabin ƙarfi yana iya barin tabo a fuskarsa, rizistan nan kuma yana ɗaukar zafi duk lokacin da aka soma cika kafasita aka fasa. Gyaran batir na kuɗi kaɗan yana iya komawa buɗe babban akwati saboda haka.

In ƙaramin batir lafiyarsa ƙalau

Akwai wata ƙarar dabam da ya kamata ka iya rarrabewa. Ka danna, ka ji ƙas, ƙas yadda aka saba, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ka ji wani ƙas ɗin, fitilu ba su ƙyafta ba, koriyar alama ta ƙi fitowa, gargaɗin motar lantarki ya kama. Wannan motar ce da kanta ta buɗe wa wuta hanya ta sake rufewa domin ta ga abin da bai kwanta mata ba. Ko kafasita ta ƙi cika a kan lokaci, ko wani soket na babbar wuta bai zauna daidai ba, ko wutar tana yoyo zuwa jikin mota. Nan sai an sa na'urar karanta lambobin matsala a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari. Masu Leaf suna da sauƙi, akwai manhajar waya mai suna LeafSpy da ke karanta su, har da lafiyar babban batir ɗaki-ɗaki, wadda za ta raba gardama tsakaninka da rewayanka cikin minti biyar. Lambar P0AA6 tana nufin yoyon wuta. P0AA1 da P0AA4 suna nufin kontakta ya manne. A rubuta lambobin kafin a goge, domin masu gyara da yawa gogewa suke fara yi, shaida ta tafi.

Yoyon wuta a wajenmu abu biyu ke yawan jawo shi. Na farko ruwa: shiga ambaliya da damina, wankin inji da famfo mai ƙarfi, ko motar da dama ruwa ne ya kai ta gwanjo a can. Na biyu gyaran AC. Kwamfuresar motarka da babbar wuta take aiki, wayoyin injinta a cikin man suke wanka, don haka mai na musamman take buƙata wanda ba ya ɗaukar lantarki. Mai ɗura gas a bakin titi in ya zuba man motar fetur, ko ya yi amfani da tiyon da ya saba aiki da shi cike da ragowar wancan man, ya gama da kai. Ka tuna ko an taɓa AC ɗin kwanan nan.

Duk wayar da ka gani mai launin ruwan lemo ta babbar wuta ce, iyakarka ke nan, kuma iyakar rewayan da bai koyi aikin ba. Wanda zai taɓa wurin sai ya cire filogin tsaro na batir, ya sa safar hannu mai jure bolt 1000, ya jira kafasita ta huce, ya auna ya tabbatar babu wuta. Ko bayan cire filogin, cikin akwatin batirin yana nan da wutar da za ta kashe mutum. Ka tambayi duk mai son buɗewa ya nuna maka safarsa da mitarsa. In motar ta ƙi tashi sam, a ɗauke ta a kan babbar mota, kada a ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, domin juyawarsu na juya injin lantarkin ya haifar da wuta.

Ƙarar da ba ta wuta ba ce

Wasu in sun ce "lokacin tashi" suna nufin lokacin da mota ta fara motsi. In ƙas ɗin guda ɗaya ne daga tayar gaba, yana zuwa in ka saki birki ka taka totur ko in ka sauya daga gaba zuwa ribas, wannan sanannen abu ne a Leaf. Inda shaf ya shiga cibiyar taya ne ke ɗan motsi, injin lantarki kuwa yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye, ga shi babu ƙarar inji da za ta ɓoye. Nissan ta fitar wa masu gyaranta takarda a kan haka: a zare shaf, a goge, a shafa giris mai molibdenum a fuskar da ke haɗuwa, a sa sabon noti a ɗaure da sifanar awo. Ƙas-ƙas mai maimaituwa in ka karya kwana kuwa kan shaf ne, duba robarsa ko ta yage. Ƙwas guda bayan wanki ko ruwan sama birki ne ya manne da faifai saboda tsatsa, yana sakin kansa. Tak-tak daga bayan dashbod na 'yan daƙiƙu, wanda ke canzawa in ka taɓa maɓallan AC, ƙaramin injin da ke juya ƙofofin iska ne haƙoransa suka cinye. Masu Hyundai Kona mai lantarki, wadda aka fara haɗawa a Legas a 2020, su kuma su saurari ƙarar da ke ƙaruwa da gudun mota, domin wannan daga akwatin giya ko boris ɗin inji take fitowa, ba a barin ta ta daɗe.

Ni dai ban ji motarka da kunnena ba, kuma ƙara ba a yanke mata hukunci daga nesa, don haka abin da na faɗa zargi ne mai ƙarfi, awo ne zai tabbatar da shi. Gobe da safe ka auna lambobin nan uku, ta kafin tashi, ta lokacin dannawa da ta bayan koriyar alama ta fito. Ka ɗauki ƙarar da wayarka sau biyu, sau ɗaya a gefen bonet sau ɗaya a ƙasa kusa da ƙofar baya, ka turo mini tare da hoton dashbod da na kan batirin, sannan ka gaya mini ko akwai abin da aka ƙara wa motar tun da ka saye ta. Allah ya sa a dace.